Takardar sarki ko takardar masu ƙasa?

A Amurka zamanin mulkin Ingila, takarda iri biyu ake kafa hujjar mallakar fili da ita. Ta sarki daga Landan take zuwa, hatimi raɗau, amma wanda ya bayar bai taɓa taka ƙasar ba. Shi ya sa takardun da sarki ya ba yankuna biyu na Turawa 'yan kama-wuri-zauna, ta Connecticut ta 1662 da ta Rhode Island ta 1663, suka hau kan juna a ƙasar Narragansett, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, aka kwashe shekaru ana ja-in-ja.

Ta 'yan asalin ƙasa ta fi kwanta mini a rai. Roger Williams, Baturen Ingila da ya kafa garin Providence na Rhode Island a 1636, wurin shugabannin Narragansett, Canonicus da Miantonomi, ya nemi fili. Sai dai sau da yawa ɗan asalin ƙasar da ya sa alamar hannu a takardar izinin zama ya bayar, Bature kuwa ya rubuta saye na har abada, ya kafa shinge.