Daga Chongqing zuwa Yichang a jirgin ruwa: abin da kuɗinka zai saya a kogin Yangtze

Tafiyar kwana uku ce a kan ruwa in an bi gangare, a sauka a rana ta huɗu. Mai haurowa daga Yichang zai ƙara kwana ɗaya. Ga mai son tarihin ƙasar Sin, tafiyar ta ci kuɗinta, amma ya sani tun daga gida cewa kogin da zai gani ba shi ne na mutanen da ba. Madatsar ruwan da aka fara ginawa a 1994 ta mayar da wannan yanki tafki, ta kuma sa an tashi mutum fiye da miliyan ɗaya. Da hunturu ana cika tafkin har mita 175 sama da matakin teku, da damina a sauke shi zuwa 145 don a tare ambaliya. Shi ya sa mai zuwa a watan Yuli zai ga gaɓa tsirara, launin ƙasa, tsakanin ruwa da ciyayi. Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba sun fi, domin hazon hunturu yana rufe duwatsu, zafin Chongqing kuwa a Agusta ba a magana.

Kwazazzabai uku na kogin, wato Qutang, Wu da Xiling, su ne zuciyar tafiyar. Qutang kilomita 8 ne kacal, kafin ka gama shan shayi an wuce shi, don haka a hau saman jirgi tun kafin sanarwa. Mashigarsa, Kuimen, ita ce hoton da ke bayan takardar kuɗin Sin ta yuwan 10. A nan Baidicheng yake, inda sarki Liu Bei ya rasu a shekara ta 223 bayan ya damƙa amanar ɗansa a hannun wazirinsa Zhuge Liang. Abin takaici, yawancin jirage ba sa saka wannan ziyara cikin kuɗin tikiti, sai an biya daban, alhali ta fi ta Fengdu, wani garin da jirage ke yada zango, nauyi a tarihi. A biya, ba za a yi da-na-sani ba. A kwazazzabon Wu ana komawa ƙananan jirage a shiga rafuka, inda a wasunsu ake hango akwatunan gawa na katako maƙale a kogunan dutse can sama.

Inda aka fi samun matsala shi ne farko da ƙarshe. In ruwa ya yi yawa ko ya ja baya, babban jirgi ba ya iya tsayawa a tashar Chaotianmen ta Chongqing, sai a kwashi fasinja a bas zuwa Fengdu. Jirage da yawa kuma a Maoping suke tsayawa, saman madatsar, ba sa ratsa ƙofofin ruwa masu hawa biyar. Wanda ke son shiga na'urar da ke sauke jirgi daga tsayin mita 113 zai sake biya. A tambayi wannan a rubuce kafin a ba da kuɗi.

Ɗakunan ƙasa na bayan jirgi suna fama da ƙugin inji, a nemi na tsakiya daga hawa na uku. Tashoshin kuma matakala ce da yawa, dattijo zai ji jiki.

Musulmi ya sanar da batun abinci tun ranar yankar tikiti, ya ajiye kalmar qingzhen, wato halal, a wayarsa da rubutun Sinanci, saboda naman alade da kitsensa suna shiga har cikin ganye da miya. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya sha kwana, gara a duba ta a waya daf da tayar da salla.