Tk: Tsohon Kayan Aiki Da Har Yanzu Yake Biya Mini Buƙata

Da Tk, wato kayan aikin haɗa tagogi da maɓallan manhajar kwamfuta, na haɗa wa yayana ƙaramar manhajar rubuta cinikin albasa a shagonsa nan Sakkwato, kuma na gamsu da ita. John Ousterhout ne ya fitar da ita a 1991 don harshen rubuta manhaja na Tcl, yanzu kuma tana zuwa tare da harshen Python da sunan Tkinter.

Abin da ya fi burge ni shi ne gajartar umarninta. Ka rubuta button .ajiye -text "Ajiye" -command adana, ka bi shi da pack .ajiye, shi ke nan maɓalli ya bayyana. Sunan kowane abu da ɗigo yake farawa, ɗigon shi kaɗai kuwa babbar taga ce, don haka .fom.suna na nufin gurbin suna da ke cikin fom. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun fito daidai a kwamfutarsa, kwamfutar tsohuwa ce ma amma manhajar ba ta yi mata nauyi ba.

Sai dai a kiyaye: grid da pack, umarnin jera abubuwa a taga, ba sa zama a gida ɗaya (taga ko fom ɗaya), in ka haɗa su Tk za ta ƙi. Tsofaffin maɓallanta kuma ba su da kyan gani, gara ka ɗauki na ttk, sabon samfurin maɓallan da suka shigo a Tk 8.5.