Manhajar YouVersion ga mai nazarin zunubi da alhakinsa

Mai son sanin ko ɗan Adam zai iya kauce wa zunubi, da kuma wanda alhakin ke wuyansa a koyarwar Kirista, zai amfana da wannan manhaja ta Littafi Mai Tsarki. Kyauta ce, ta fito a 2008, akwai fassarar Hausa a ciki. Sai dai amfaninta ya dogara da yadda aka riƙe ta.

Inda ta fi ƙarfi shi ne jera ayoyi. A buɗe asusu domin alamomin da aka sa su zauna, sannan a ware launi biyu na yi wa ayoyi alama. Launi na farko ga ayoyin da ke nuna zunubi ya game kowa: Zabura 51:5, Romawa 3:23, Romawa 5:12 inda Bulus ya danganta shigowar zunubi da mutum ɗaya, da 1 Yohanna 1:8. Na biyu ga waɗanda ke ɗora wa mai aikatawa laifinsa: Ezekiyel 18:20, cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, Yakubu 1:13-15, cewa Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, sha'awar mutum ce ke jansa, da 1 Korantiyawa 10:13 mai alkawarin mafita. Da an duba launukan tare, hoton zai fito: halin zunubi gado ne, amma ba a yarda kowa ya fake da Adamu ko Shaiɗan ba. A Farawa 3 ma, Adamu ya tura wa matar, ita ta tura wa maciji, hukunci kuwa ya hau kan ukun.

Rauninta shi ne aya guda da take nuna wa mai amfani da ita kowace rana. Aya ɗaya tsinke tana ɓatar da mai karatu a irin wannan batu. Wanda ya ga 1 Yohanna 3:9 kaɗai, mai cewa haifaffen Allah ba ya yin zunubi, zai ɗauka mai bi ba ya ƙara faɗuwa, wanda kuma ya tsaya a Romawa 7:19, inda Bulus ya ce muguntar da ba ya so ita yake aikatawa, zai ce ƙoƙari banza ne. Maganinsa a karanta Romawa sura 5 zuwa 8 a zama ɗaya, wasiƙar Yohanna ta fari kuma dukanta, surori 5 ne kacal. Binciken kalma ma yana tsallake ayoyi, don haka bayan "zunubi" a nemi "laifi" da "mugunta".

Nassin kansa ba zai ba ka tarihin gardamar da Kiristoci suka yi kan ko mutum zai iya kauce wa zunubi ba. Pelagius, wani malamin Kirista na dā, ya koyar cewa mutum na iya rayuwa ba zunubi da ikon nufinsa, Agustin bishop na Hippo ya ce sai da alherin Allah, majalisar bishop-bishop da ta zauna a birnin Kartaj a shekara ta 418 ta ƙi ra'ayin Pelagius. Har yau Katolika, Otodoks da mabiyan malaman Furotesta Kalbin da Wesley sun bambanta kan rabon nufin mutum wajen kauce wa zunubi. Wannan sai a ajin nazari gaban fasto ko malamin katikizim, da wayar a hannu ana duba ayoyin.