Gogen gida ko gogen Turawa: amsa ga Hajiya daga Pantami

Hajiya ta tambaya cewa ɗanta mai shekara 8 ya nace sai ya koyi gogen Turawa, irin wanda ake kaɗawa a manyan zaurukan kiɗa. Shin ta fara kai shi wurin mai goge na gida, tunda shi ne a kusa kuma ya fi sauƙi?

Hajiya, a ido sun yi kama, amma aikin hannun ba ɗaya ba ne. Gogenmu ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, yatsu na taɓa ta daga gefe. Na Turawa katako ne mai tsirkiya huɗu, ana maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗa, yatsa na danna tsirkiya a kan baƙin katakon da babu wata alama a jikinsa. Yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, sauti ya kauce. Yaro zai samu kunne a wurin mai goge, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma riƙon baka, wato sandan da ake goga tsirkiya da shi, da zaman yatsu sai an sake masa daga farko.

Mai koyon goge yana bin ubangidansa biki biki, yana ji yana kwaikwayo. Na Turawa kuwa doguwar hanya ce. An fi farawa tsakanin shekara 4 zuwa 7, don haka naki bai makara ba, amma kada a ƙara jira. Atisayen minti 20 zuwa 30 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Dole ya koyi karanta rubutun kiɗa, sannan ya hau matakan jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, 1 zuwa 8, galibi mataki ɗaya a shekara. Bayan nan akwai difloma ta shekara biyu a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas. Mai neman tsayawa shi kaɗai gaban taro yakan yi atisaye awa 3 zuwa 4 kullum, ya shiga gasa irin ta Menuhin, wadda ake yi wa 'yan ƙasa da shekara 22.

Inda aka fi samun matsala a Gombe shi ne malami. Bidiyon YouTube ba ya ganin yaro ya lanƙwasa wuyan hannun hagu, ko ya matse babban yatsa, ko ya ɗage kafaɗa. Idan hannu ya saba da haka shekara guda, gyaransa ya fi koyon farko wahala. Ki samo malamin da zai riƙa kallonsa kai tsaye ta waya duk mako, kuma su riƙa haɗuwa ido da ido lokaci lokaci, ko da sai an je Jos ko Abuja.

Kada ki sayo babban goge don "zai girma a ciki". Ɗan shekara 8 yawanci ƙaramin da ake kira mai girman 1/2 ne daidai da shi.

Sai hunturu. Fatar goge in ta saki, a shanya ta ta ɗame. Gogen Turawa ba ya son bushewa ko kaɗan: katako na tsagewa, turakun ɗaure tsirkiya su sassauta, ƙaramin sandan da ke tsaye a cikinsa ya faɗi. A ajiye shi cikin akwatinsa tare da soso mai ɗan damshi a cikin ledar da aka huda, a sassauta gashin baka bayan kowane atisaye, kuma kada a bar shi cikin mota da rana, zafi na narkar da gam ɗin da ke riƙe da shi.