Kur di suwar na Angile a Garwa: na biya kuɗina, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata a kan ajin Angile (Ingilishi) ɗin nan na dare da nake zuwa a nan Garwa, ko ya ci kuɗinsa ko asara ce, toh amsa a dunƙule ita ce ku je, amma dan Allah ku karanta har ƙasa tukuna don akwai abubuwan da ba su yi min ba kuma zan faɗe su. Ba zan kama sunan wurin ba, kar a ce talla nake yi ko kuma ina ɓata wa mutum sana'a. Wani gida ne dai ta wajen Yelwa, ɗaki ɗaya babba da bencina da tablo da fanka guda, malamin kuma mutumin Bamenda ne, yana jin Hausa daidai gwargwado don ya ce a kusa da unguwar Abakwa ya tashi cikin Hausawan can, Faransancinsa ma ba laifi.

Dukkanmu mun san labarin, ƙasar nan tamu Kamaru harsuna biyu ne na gwamnati, Faransanci da Angile, jihohi 8 na Faransanci 2 na Angile, har doka aka yi a kai a ƙarshen 2019, kuma kowa da ya shiga lise, wato sakandare, ya yi Angile shekara da shekaru har jarrabawar BEPC, amma ka tsayar da mutum a kasuwa ka ce ya yi jimla uku, daga good morning sai my name is sai murmushi. Ni kayan waya nake saidawa, caja da iyafis da gilashin fuska, kaya na zuwa min ta Mubi da Yola, wasu kuma ta WhatsApp nake ciniki da masu turo su, kuma nan ne Faransanci ba ya cetonka ko kaɗan. Shi ya sa na shiga.

Abin da ya bambanta mutumin nan da lekol shi ne ba ya ba ka dogon jerin kalmomi ka haddace. Kalma ɗaya ƙarama yake ɗauka ya zauna a kanta sati guda cur. Ya ce manyan kalmomin Angile irin su information da administration da population mu da muka yi Faransanci kyauta muka same su, kusan iri ɗaya ne, abin da ke kayar da mu ƙananan ne masu harafi uku. Satin da ya fi tsaya min a rai shi ne na hit, kuma da shi zan auna muku ajin gaba ɗaya don duk kyawunsa da duk matsalarsa sun fito a satin nan.

Ranar farko ko ma'ana bai taɓa ba, baki kawai aka gyara. Ya rubuta kalmomi huɗu a tablo, hit, heat, it, eat, ya ce kowa ya karanta. Wallahi sai ka tausaya wa 'yan ajin da Faransanci ya riga ya zauna musu a harshe, don su harafin h ba sa furta shi sam, duka huɗun sai su fito abu ɗaya, mutum na so ya ce ya bugi ƙwallo sai ya ce ya cinye ta. Mu Hausawa kuwa nan muka samu sa'a biyu, muna da h a hannu da hanya da hula, kuma kunnenmu ya saba da gajeren wasali da dogo, toh hit gajere heat dogo, shikenan. Malam da kansa ya ce 'yan Hausa da Fulani sun fi saurin kama wannan. Sannan ya ba mu albishir cewa kalmar ba ta canzawa, jiya hit yau hit an riga an yi ma hit, ba kamar go da went da gone ba, sai dai a sa mata s ko kuma ta zama hitting da t biyu. Duk wanda ya ce hitted sai ya biya tarar sefa 25 a cikin wani gwangwani, ƙarshen wata a sayi lemo da kuɗin. Gwangwanin nan ya cika da wuri.

Washegari ya shigo ya ce mu ajiye Angile, mu kawo masa duk inda Bahaushe ke cewa buga. Aji ya kaure. Buga waya, buga ƙwallo, buga jarida, buga ganga, buga hatimi, bugun zuciya, wani ya ce ai mashayi ma cewa ake ya bugu, wani dattijo ya ce bugu da ƙari fa? Da muka gaji sai ya ce toh a cikin duk waɗannan sau nawa aka daki wani? Ya ce in ba ku taɓa ruɗewa da buga ba don me hit zai ruɗa ku, kawai dai kar ku ɗauka duk inda ɗaya ya shiga ɗayan ma zai shiga. Kuma gaskiya ne, Bature ba ya hit ɗin jarida, print yake yi, ƙwallo ma play yake cewa in wasan ake nufi, waya kuma call. Wannan gargaɗin kaɗai ya isa kuɗin sati.

Sai ya kawo wani abu da ban taɓa ji ba a lekol. Ya ce kalmar ba ma asalin ta Ingila ba ce, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, 'yan Viking ɗin nan da suka yi ta kai hari Ingila suna zama, wajen shekara dubu da suka wuce, a bakinsu hitta ce kuma ma'anarta ka tarar da abu ko ka ci karo da shi, har yau a harshen Suwidin hitta na nufin samu. Duka daga baya ya zo. Da ya faɗi haka sai abubuwa suka fara jeruwa a kaina, don in ka riƙe cewa hit haɗuwar abu ne da abu, kwatsam kuma da ƙarfi, sauran duk rassa ne. Mota ta kaɗe mutum, a car hit him, ta ci karo da shi. Farashi ya kai wani matsayi, the price hit dubu goma, ya je ya taɓa wurin. Zafin watan Maris da Afirilu namu na Garwa, the temperature hit 40, kowa ya yi dariya don a ɗakin ma muna jin sa. Ambaliya ta afka wa gari, floods hit Yagoua, irin abin da ya faru a 2024, ko traders were hit hard wato abin ya taɓa 'yan kasuwa sosai, wannan kullum za ka ji shi a labaran rediyo. Har da wanda abu ke faɗo maka a rai farat ɗaya, it hit me, tunanin ne ya zo ya same ka. Ni dai a nan na ce mutumin nan ya san aikinsa, don bai ba mu ma'ana goma mu haddace ba, igiya ɗaya ya ba mu.

Ranar ƙwallo kuwa ba a magana. Ya san inda zai kama mu. Ya tuna mana gasar Afirka da aka yi mana a nan filin Roumdé Adjia, wasan 11 ga Janairu 2022 da Najeriya ta ci Masar 1 da nema, Iheanacho ya zura, ya ce kowa ya ba da labarin ƙwallon nan da Angile. Nan aka koyi he hit the ball, hit the post in ta bugi turke, hit the bar in ta bugi ƙarfen sama, hit the back of the net in ta shiga raga. Sai ya bambance mana hit da beat, wanda da yawanmu ke haɗawa saboda Pidgin da muke ji a bakin direbobi. Hit bugu ɗaya ne, beat kuwa a yi ta jibga ne, ko kuma cin wasa, don haka Nigeria beat Egypt ne ba hit ba. Wani ɗan kulob ɗin Coton Sport a bayan aji ya ce Malam toh Tunisiya fa da ta fitar da Najeriya a filin nan ɗin dai? Ya ce ita ma beat ce, zauna. Ya kuma ce jam ɗin da ake cewa in mota ta buge mutum na Pidgin ne, yana da kyau a tasha amma kar a rubuta shi a takardar jarrabawa.

Abin da ya fi min amfani kai tsaye a sana'a shi ne na waya. Hit send, hit the button, wato danna kawai. Hit me up, ka neme ni. The new model will hit the market, sabon samfuri zai shigo kasuwa. Waƙa ko kaya in ya yi tashe a ce it's a hit, nan ta koma suna. Waɗannan duk ina ganinsu a saƙonni da bidiyon YouTube na gyaran waya.

Toh yanzu ga inda na fara ƙorafi. Kwana biyun ƙarshe ya cika mu da salon maganar Amurkawa har abin ya yi yawa. Hit the road na yarda, mu ma kama hanya muke cewa. Hit it off ma ba laifi, jininsu ya haɗu kenan. Hit back, mai da martani, 'yan siyasa kullum. Hit and run, wanda ya kaɗe mutum ya tsere, wannan duk mai hawa moto a garin nan ya kamata ya sani. Amma hit the sack da hit the hay don kawai a ce za a kwanta, da hit the books, da hit the roof, da hit the nail on the head, duka a dare ɗaya? Wani Alhaji mai saida hatsi da ke zama a bencin gaba ya ɗaga hannu ya ce Malam ni fa buhu na sani na masara, yaushe zan ce wa mutumin Onitsha zan bugi buhu? Malam ya ce Baba Alhaji ku yi haƙuri, ba don ku faɗa ba ne, don in kun ji ku gane. Amsar ta yi, amma ni ina ganin da ya raba su, waɗanda za ka yi amfani da su gobe daban, na kallon fim daban, don mutanen da suka wuni a kasuwa kansu ba zai ɗauki goma sha wani abu a zama ɗaya ba. Guda ɗaya dai na gode da ya ja mana kunne a kai, hit on, in aka ce namiji yana hitting on mace toh nemanta yake yi ba dukanta ba, alhali hit on an idea kuma dabara ce ta faɗo maka. Matan ajin sun sunkuyar da kai, shi ma ya wuce da sauri.

Sauran matsalolin na wuri ne. Ɗakin ya yi kaɗan, mutane sun fi bencina yawa, in ka makara a bakin ƙofa za ka tsaya da kayenka na rubutu a hannu. In wuta ta ɗauke babu janareto, fitilar waya kowa ke kunnawa, fankar nan guda kuma ko tana aiki bencin gaba kawai take sani. Ana farawa dab da magariba, mun yi magana ya yarda ana ba da minti goma a yi salla a tsakar gida, amma da ya matsar da lokacin zuwa bayan salla gaba ɗaya da ya fi, musamman ga mata da ke son komawa gida kafin dare ya yi nisa. Takardun da yake rabawa fotokopi ne da ya sha wahala, wasu layukan ba sa karantuwa, kuma fassarar da ke ciki Faransanci ce zalla, frapper da heurter da atteindre, toh wanda allo kawai ya yi bai shiga lekol ba sai ya jira bayanin baki. Ga shi kuma rubutu ba ya samun kulawa sosai, magana da sauraro ne ƙarfinsa, don haka ɗalibin da ke shirin jarrabawar probatuwar ko bak kar ya dogara da nan kaɗai, ba a bin manhajar jarrabawa.

Kuɗi sefa dubu biyar ne a wata, ana karɓa a hannu ko ta waya, fotokopi kai za ka biya. In aka kwatanta da abin da masu zuwa gida su koyar da yara ke karɓa ni ban ga tsada ba. Akwai kuma gurup na WhatsApp da yake turo saƙon murya, ya faɗi jimla ka maimaita ka tura masa, yana gyarawa amma wani lokaci sai bayan kwana biyu zai saurara, kar ka yi fushi mutum ɗaya ne.

Wa zai je? Ɗan kasuwa mai hulɗa da Najeriya, direba, mai neman aiki a ƙungiyoyin agaji da ke tambayar Angile, duk wanda ya taɓa yi a lekol ya manta. Wanda bai san a b c ba sam zai sha wuya, ya fara neman mai koya masa karatu tukuna. In maki ne ina ba koyarwa 9 cikin 10, ɗaki kuma 4. Wata mai zuwa ya ce kalmar get za a shiga kuma wai sati ɗaya ba zai isa ba sai biyu, mai son zuwa ya zo da kaye da bik da ruwan shansa, ya kuma zo da wuri in yana son benci.