Asibitin da ya duba Kawu bayan karfen wuyanshi ya toshe

Masu tambayata a inbox ina munka kai Kawu, ga bayani. Wani asibitin kudi ne nan cikin Sakkwato, ba zan hwadi suna ba don kar a ce talla nike.

A Alkahira anka sa mishi stent, wato dan karfen raga da ake turawa cikin jijiyar wuya mai kai jini kwakwalwa don ta bude. Anka ce ya rika shan aspirin da clopidogrel 75mg kullum ba fashi. Dattijo da ya ji sauki sai ya aje clopidogrel wai ya gaji da hadiyar kwaya, to karfen nan bakon abu ne a jiki, in babu maganin jini na iya daskarewa a kanshi ya toshe hanya. Da asuba baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana bata fita.

Gaskiya likitan ya burge ni. Tambayar farko da ya yi ita ce karfe nawa abin ya fara, don allurar narkar da gudan jini tana da lokaci, awa 4 da rabi. Bai yarda an kara mishi ko kwaya daya ba sai da anka yi CT na kai, wato hoton kwakwalwa, a tabbatar ba zubar jini ba ne, tunda maganin toshewar jijiya shi ka kashe mai zubar jini a kwakwalwa. Sannan Doppler na wuya, wato hoton da ka duba gudun jini cikin jijiya, ya nuna jini na wucewa amma da kyar. Anka kwantar da shi anka jona mishi maganin tsinka jini, nas din dare kuma Allah ya saka mata, kowace awa tana kanshi da awon BP tana cewa Baba daga hannu, Baba yi min murmushi.

Inda ban ji dadi ba, basu da na'urar zaro gudan jini ta jijiya, da ya toshe gaba daya sai dai turawa wani gari. Kuma wajen biyan kudi POS dinsu network ya ki, muna tsaye da mara lafiya, haba.

Mai kemis dinsu ma ya kama wani abu, Kawu na shan omeprazole na olsa kuma shina rage karfin clopidogrel, likita ya canza mishi zuwa pantoprazole. Yanzu hannun na motsi, magana saura kadan, Doppler na gaba wata mai zuwa in sha Allah.