Na biya kuɗin jin mawaƙa, suka zauna suna kallona

Hoton talla ne ya ja ni: mawaƙa jere-jere cikin baƙaƙen kaya, kowa baki buɗe. Babban kiɗa na tara ne na Beethoven, shahararren Bajamushe mai tsara kiɗa; kashi huɗu gare shi, kuma Jamusawa na yawan yin sa a ƙarshen Disamba. Kuɗin tikiti kuwa, duk ɗalibin da ke nan Jamus ya san zafinsa.

Aka fara. Masu goge suka ja, masu busa suka shigo, mai tambura na ta dukan nasa. Su kuwa mawaƙan da na zo dominsu suna can baya a zaune, hannu bisa cinya. Kashi na farko ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku mai sanyi har ya sa ni gyangyaɗi, ba wanda ya ce uffan. Sama da minti 40 fa! Ga shi ba a tafawa tsakanin kashi da kashi, sai dai ka ji tsofaffi suna tari kawai. Raina ya gama ɓaci, har na fara lissafin abin da kuɗin nan zai saya mini a kanti.

Sai kashi na huɗu ya zo. Manyan gogen nan masu kaurin murya suka ɗauko wani sauti can ƙasa-ƙasa, ashe taken Tarayyar Turai ne, daga nan aka ciro shi. Wani mai babbar murya ya jefa baitin farko da Jamusanci, mawaƙan suka amsa gaba ɗaya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ba lasifika ko ɗaya, amma har a ƙirji nake jin muryoyin. Wai kuma Beethoven ɗin da ya tsara wannan, lokacin da aka fara yin sa a Vienna a 1824, kunnensa ya riga ya mutu. Nan take na yafe musu dogon zaman.

Wanda ban yafe ba shi ne mai sayar da tikiti. Kujerata na bayan ginshiƙi, cikin manyan mawaƙa huɗu da ke gaba biyu kaɗai nake hangowa, jagoran makaɗan kuwa sai tsinin sandarsa. Cikakken kuɗi aka karɓa, ba a faɗa mini ba. Ajiye rigar sanyi ma sai da na sake biya. Na rubuta musu ƙorafi a kan kujerar, har yau shiru.